Tabaran VR da tseren motoci a kwamfuta: abin da tarihi ke gaya wa mai shirin saye

A ƴan shekarun nan wani sabon kaya ya shiga jerin abubuwan da yara ke roƙon iyayensu. Bayan salula da PlayStation, yanzu sai ka ji yaro na maganar tabaran VR, wanda ƴan boko ke cewa kaske: na'urar da ake ɗaurawa a fuska ta rufe idanu, mutum ya ga kansa cikin wata duniya ta kwaikwayo. Masu wasan tseren motoci a kwamfuta su suka fi nacewa a kanta, domin da ita direba kan ji kamar yana zaune cikin motar. Malamai ma ana yi musu tallarta da sunan kayan koyarwa na zamani. Kuɗinta ba kaɗan ba ne, kuma ido da lafiyar yaro ake sakawa a ciki. Waiwaye adon tafiya: wannan na'ura ta daɗe ana alkawarinta, ta sha faɗuwa, kuma dalilan faɗuwarta su ne tambayoyin da ya kamata mai saye ya yi a yau.

Ido biyu, hoto biyu

Tushen abin ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1838 wani masanin kimiyya ɗan Ingila, Charles Wheatstone, ya bayyana wa ƙungiyar masana ta Landan cewa idon dama da na hagu ba abu ɗaya suke gani ba. Tsakaninsu akwai ɗan tazara, kuma daga bambancin hotunan biyu ne ƙwaƙwalwa ke gane nisa da zurfi. Ya haɗa na'ura da madubai wadda ke nuna wa kowane ido zanensa daban, sai zanen ya tashi kamar ana iya taɓa shi. Duk tabaran VR da ke kasuwa a yau wannan dabara yake bi: ƙananan alluna a gaban idanu, da ƙwayar gilashi tsakani. Malamin da ke son nuna wa ƴan lakwal wannan ba ya buƙatar sayen komai. Yaro ya miƙa ɗan yatsa, ya rufe ido ɗaya, ya buɗe ya rufe ɗayan, zai ga yatsan na tsalle.

Akwatin da ba shi da hoto

Na'urar kwaikwayon tuƙi ta farko da ta yi tasiri ta fito ne daga masana'antar kayan kiɗa. Edwin Link, ɗan garin Binghamton a jihar New York ta Amurka, yana son koyon tuƙin jirgin sama, amma kuɗin darasi ya fi ƙarfinsa. Mahaifinsa na ƙera fiyano da ogan, kayan kiɗan da ke aiki da iska. Sai ya ɗauki zugazugai da famfunan masana'antar, irin aikin zugazugin maƙera, ya haɗa wani ɗan akwati mai kujera wanda ke karkata, ya ɗaga, ya juya daidai da yadda aka motsa sandar tuƙi. Ya kammala shi a 1929. Da farko sojoji ba su kula shi ba, wuraren wasan yara ne suka fi saye.

A 1934 gwamnatin Amurka ta soke kwangilar kamfanonin da ke jigilar wasiƙu ta sama, ta ɗora aikin a kan sojojin sama. Matuƙan ba su saba tashi cikin dare da hazo ba, kuma cikin ƴan makonni fiye da goma suka rasa rayukansu. A nan ne rundunar ta sayi akwatunan Link guda 6. Lokacin yaƙin duniya na biyu an ƙera sama da 10,000, kuma kimanin matuƙa rabin miliyan suka yi horo a cikinsu.

Abin lura shi ne akwatin ba ya nuna hoton komai. Ana rufe ɗalibi a ciki, ba ya ganin komai sai agogunan jirgi, malami na zaune a tebur a waje yana yi masa magana, wata ƴar na'ura na zana hanyar da ya bi a kan taswira. Aiki ɗaya aka sa shi, wato koya wa matuƙi ya amince da agogo idan ido ya daina gani, kuma akwai malami mai duba kuskure. Da waɗannan biyun ya ceci rayuka.

Masu mafarki

Waɗanda suka biyo baya sun nemi abin da ya fi haka burgewa. Morton Heilig, mai ɗaukar fim, ya yi rajistar wata na'ura mai suna Sensorama a 1962. Mutum zai zauna ya cusa kai, ya ga kansa kan babur a titunan Brooklyn, kujera na rawa, iska na kaɗa shi, har ƙamshi yana ji. Bai samu masu zuba jari ba, abin ya tsaya nan.

A 1968 Ivan Sutherland da ɗalibinsa Bob Sproull, a jami'ar Harvard, suka haɗa tabarau da kwamfuta. Wani dogon ƙarfe ya sauko daga rufin ɗaki ya riƙe shi yana auna motsin kai. Hoton ƴan layuka ne kawai, kamar zanen akwati da alli. Amma idan mutum ya juya kai, zanen na sauyawa daidai da juyawar. Wannan shi ne ginshiƙi na biyu bayan na Wheatstone, kuma shi ne mai wuya, domin dole kwamfuta ta sake zana duniya gaba ɗaya kafin ƙwaƙwalwa ta lura an yi jinkiri.

Idan ta lura fa? Tun a shekarun 1950 masu horar da matuƙa jirgi mai saukar ungulu a Amurka suka ga mutane na fitowa daga na'urar kwaikwayo da jiri da tashin zuciya. Dalilin da aka fi yarda da shi shi ne saɓani tsakanin ido da kunne. Cikin kunne akwai sashen da ke gaya wa jiki ko yana motsi. Ido ya ce ana gudu, kunne ya ce ana zaune, sai ciki ya rikice. Duk wanda ya taɓa karatu a cikin motar Yamai zuwa Damagaram ya san irin wannan, sai dai a can kunne ne ke cewa ana tafiya, ido ya ce ana tsaye.

Faɗuwar shekarun 1990

A ƙarshen shekarun 1980 kamfanin VPL na Jaron Lanier ya fara sayar da tabarau da safar hannu ga cibiyoyin bincike, kuma shi ya yaɗa sunan da aka gajarta zuwa VR. A 1991 wani kamfani na garin Leicester a Ingila ya fito da injinan Virtuality a gidajen wasa. Jaridu suka cika da cewa nan da ƴan shekaru kowane gida zai mallaki nasa.

Kamfanin Sega ya nuna nasa tabaran a 1993 da alkawarin farashin dala 200, amma bai taɓa shiga kasuwa ba, kuma cikin dalilan da aka ambata har da ciwon kai da jirin masu gwaji. Nintendo ya fito da Virtual Boy a 1995. Hotonsa ja da baƙi ne kawai, a kan tebur ake girke shi mutum ya sunkuya, ba ya bin motsin kai. Kimanin 770,000 aka sayar, kuma kafin 1996 ta ƙare an daina ƙera shi. Kwamfutocin lokacin ba su da saurin da ake buƙata, allunan ba su da kaifi, na'urorin na da nauyi. Talla ta riga fasaha, waɗanda suka yi gaggawar saye suka kwana ciki. Kusan shekara 15 aka yi ba a cika jin maganar VR ba a wajen sojoji da jami'o'i.

Tseren motoci ya bi tasa hanya

Duk wannan lokaci tseren kwaikwayo na girma ba tare da tabarau ba. A 1989 kamfanin Papyrus, wanda David Kaemmer ke cikin waɗanda suka kafa, ya fitar da wasan Indianapolis 500, inda mai wasa ke saita iskar taya da yawan mai, motar kuma ta amsa kamar ta gaske. A 1997 Gran Turismo ya fito a PlayStation. A 1998 Papyrus ya fitar da Grand Prix Legends, wanda ya shahara da wuyar tuƙi. A daidai wannan lokaci aka fara sayar da sitiyari mai injin ciki, wanda ke ja da hannun direba idan taya ta fara sulɓi. A 2008 Kaemmer ya buɗe iRacing, inda ake tsere ta intanet da mutane na gaske, da lasisi da hukunci ga mai yawan karo.

A 2008 ɗin ne kuma Nissan da Sony suka buɗe gasar GT Academy don gwada ko gwanin wasa zai iya tuƙa motar tsere ta gaske. Wanda ya fara ci, Lucas Ordóñez ɗan Sifen, ya zo na biyu a rukuninsa a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 2011. A shekarar ce Jann Mardenborough, matashi daga Birtaniya, ya ci gasar cikin mutum kimanin 90,000, kuma a 2013 ya zo na uku a rukuninsa a Le Mans. A 2020, da annobar korona ta rufe filaye, direbobin Formula 1 da na NASCAR suka koma tsere a kwamfuta ana nunawa a talabijin.

Yara kan kawo waɗannan labarai a matsayin hujja, kuma labaran gaskiya ne. Amma akwai abubuwa biyu da ya kamata uba ya sani. Na farko, Ordóñez da Mardenborough a kan allo na yau da kullum suka koya, da sitiyari da birki, tun kafin tabaran zamani ya shiga kasuwa. Har gobe da yawa daga manyan ƴan tsere sun fi son allo uku a jere, saboda ana iya yin awanni a gabansu ba gumi ba nauyi. Na biyu, mutum ɗaya ne cikin 90,000, kuma bayan cin gasar sai da aka yi masa horo na watanni a motar gaske.

Dawowar tabarau

Salula ce ta farfaɗo da VR. Gasar kamfanonin waya ta sa ƙananan alluna masu kaifi da na'urorin auna motsi suka yi araha. A 2012 wani matashi ɗan shekara 19 a Kalifoniya, Palmer Luckey, ya nemi gudummawar dala 250,000 don ƙera Oculus Rift, sai ya samu kimanin miliyan 2.4. A 2014 Facebook ya saye kamfanin a kan kimanin dala biliyan 2. A 2016 Rift ya fito a dala 599, HTC Vive a dala 799, dukkansu suna sabunta hoto sau 90 a daƙiƙa. Wannan adadi na nufin kwamfuta na da kashi 11 cikin dubu na daƙiƙa ta zana hoto biyu, ɗaya ga kowane ido. Idan ta gaza, ciwon shekarun 1950 ya dawo.

Ƴan tseren motoci da masu kwaikwayon tuƙin jirgi na cikin waɗanda suka fi riƙe shi, kuma dalilin na komawa ga akwatin Link. Mutum na zaune a kujera, hannunsa na kan sitiyari na gaske, aikinsa ɗaya ne. Tabarau ya ƙara masa abin da allo ɗaya ba ya bayarwa: ya juya kai ya duba kwana, ya ga motar da ke gefensa, ya ƙiyasta nisan wurin taka birki.

Daga nan kasuwa ta rabu biyu. Akwai masu dogaro da kwamfuta ta waya, kamar Valve Index na 2019, wanda ya fito a dala 999 idan an haɗa da kayansa. Akwai masu kwamfutarsu a ciki, kamar Quest 2 na 2020 a dala 299 da Quest 3 na 2023 a dala 499, waɗanda kuma ana iya jona su da kwamfuta. Duk da haka kasuwar ba ta tsaya da ƙafafunta ba: sashen kamfanin Meta mai kula da waɗannan na'urori ya yi asarar sama da dala biliyan 13 a 2022 kaɗai.

Abubuwa biyu da suka faru a baya-bayan nan sun shafi aljihun mai saye kai tsaye. Tabaran HP Reverb G2 na 2020 ya samu karɓuwa wajen ƴan tsere saboda kaifinsa, ɗigo 2160 sau 2160 ga kowane ido. A ƙarshen 2023 Microsoft ya sanar zai janye manhajar da yake aiki da ita, kuma sabon Windows 11 na 2024 ya zo babu ita. Na'urar lafiyarta lau, amma a hukumance ta daina aiki a sabuwar kwamfuta. Haka kuma Google ya buɗe shirin Expeditions a 2015, inda ƴan makaranta ke ziyarar wurare ta tabaran kwali da salula. Makarantu suka sayi kayan, sai a 2021 aka rufe manhajar.

Tambayoyin da tarihi ya bari

Tambaya ta farko ita ce ta Link: wane aiki na'urar za ta yi? Idan yaro tuƙin kwaikwayo yake so, sitiyari da birki su ne farko. Irin Logitech G29 bai kai kuɗin Quest 3 ba, yana aiki da allon da ke gida, kuma ƴan'uwa na iya zama suna kallo suna karɓa-karɓa. Idan bayan wata shida yana nan a kai, kuma karatu bai ja baya ba, sai a yi maganar tabarau.

Ta biyu ita ce kwamfuta. Wasannin tsere irin su Assetto Corsa da iRacing a kwamfuta suke gudana, tabarau allo ne kawai. Dala 499 ta kai wajen jika 300 na sefa kafin kuɗin jigila da na duwan, kwamfuta mai katin hoto da zai iya ɗaukar aikin kuwa kan ninka haka sau biyu ko uku. Wanda ya sa tabarau mai kaifi a kan kwamfutar ofis ya sayi jiri da kuɗinsa. Gara hoto matsakaici mai tafiya sumul da hoto mai kyau mai tsalle. A duba tsarin biya ma: iRacing kuɗin wata-wata ne kuma sai da intanet mai ƙarfi, Assetto Corsa sau ɗaya ake saye kuma ana iya wasa da shi ba intanet.

Ta uku ita ce kaifi da hanyar jonawa. Direba na buƙatar karanta agogon mota da hango alamar kwana daga nesa. Ƙwayar gilashin Quest 2 tsohon samfuri ce mai zobe-zobe, tsakiya kawai ke fita fes, ta Quest 3 kuwa ta fi kaifi har gefe. Tabaran da ke shiga katin hoto kai tsaye ta DisplayPort na samun hoto cikakke. Quest kuwa ta USB ko Wi-Fi yake karɓa, ana matse hoton kafin a aika, don haka akwai ɗan jinkiri da ɗan dishi-dishi. Ga mai zaune a kujera waya ba ta dame shi, saboda haka bai kamata a biya ƙari don rashin waya ba.

Ta huɗu ita ce kan da zai ɗauka. Quest 3 ya kai giram 515, Index ya wuce 800, kuma wuya ne ke ɗauka. Tazarar idanun babban mutum kan kai milimita 63, Quest 2 ba ya sauka ƙasa da 58, na ƙananan yara kuwa sau da yawa ba ta kai haka ba. Idan tazarar ba ta dace ba, ido ya gaji, kai ya yi ciwo. Sony ya ce kada yaron da bai kai shekara 12 ba ya sa nasa. Meta ya daɗe a kan 13, a 2023 ya sauko zuwa 10 da sharaɗin iyaye su riƙe asusun. A fara da minti 10 ko 15, kuma da zarar yaro ya ce zuciyarsa na tashi a cire, kada a ce ya daure. Mai farfaɗiya ko matsalar ido sai an tambayi likita.

Ta biyar ita ce ta Reverb G2: wa ke riƙe da manhajar, kuma har yaushe? Wannan ta fi muhimmanci ga mai sayen na hannu, domin na'urorin da aka daina tallafa musu a Turai su ke sauka kasuwanninmu da araha. Araha ba ta ado. Kafin a biya a jona shi da kwamfutar da za a yi aiki da ita, a tabbatar mai shi na da ya cire asusunsa, a duba ko gilashin ya karce.

Ta shida tamu ce, ba a rubuta ta a kwalin ba. A watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 a Maraɗi da Tawa, soson da ke manne a fuska zai jiƙe cikin mintuna, gilashi ya yi raɓa. Ƙurar hunturu na toshe fankar kwamfuta. Hasken rana idan ya ratsa ƙwayar gilashin yana ƙona allon ciki, don haka ba a ajiye shi kusa da taga ko a tsakar gida. Kwamfutar wasa kan ci wat ɗaruruwa, ɗaukewar wuta da dawowarta da ƙarfi na iya lalata ta, ke nan a sa kuɗin na'urar daidaita wuta cikin lissafi.

Ga malamai da shugabannin makarantu

Tabarau ɗaya ɗalibi ɗaya yake ɗauka. A ajin da ke da yara 60, idan kowa zai samu minti biyar, awa biyar ke nan a kan darasi guda, sauran 59 na jira. Soson da ke yawo daga fuska zuwa fuska kuma hanya ce ta yaɗa apolo idan ba a gogewa. Kuɗin tabarau ɗaya da kwamfutarsa zai iya sayen majigi da duk aji zai kalla tare. Inda na'urar ke da gurbi shi ne inda akwatin Link ya samu nasa: cibiyar koyon sana'a ko makarantar koyon tuƙi, inda ɗalibi ɗaya ke maimaita aiki mai haɗari ko mai tsada, malami na gefe yana ganin abin da yake gani a allo yana gyara masa. Duk wanda ya zo da talla, a tambaye shi darasin da na'urar za ta koyar, da wanda zai gyara ta idan ta lalace, da abin da zai faru da kayan ranar da kamfanin ya rufe manhajarsa kamar yadda aka yi a 2021. In ya kasa amsa ukun nan, a bar kuɗin a asusun makaranta.